Dusar Ƙanƙarar da Na Ɗebo a Kular Aro

Tun ranar da na dawo Darrasa, unguwar da muke zaman karatu a Alƙahira, ban huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wajen mai sayar da ful, dafaffen waken nan na Masar, a tare ni, har waɗanda ba mu cika gaisawa ba sai su ce, "Malam Sanusi, ina ƙanƙarar?" Malam Nura ya fi kowa naci, kuma yana da gaskiyarsa, domin kular matarsa ce na tafi da ita. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya je yana ƙara gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Ni mutumin Gumel ne. Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake jefawa a zoɓo da azumi, sai wadda takan faɗo da ruwan sama jefi-jefi mu bi muna tsinta. Dusar ƙanƙara kuwa a talabijin kawai nake ganinta, kuma a raina na bar wa Turawa ita. Wata rana da sanyi ina tsaye a kantin littattafan da nake sayayya, ina ta mitar iskar Alƙahira, sai Salim mai tsaron kantin ya kwashe da dariya. Salim Balaraben ƙauye ne daga Sant Katrin, can cikin duwatsun Sina, ya karanta ilimin noma a jami'a, rashin aiki ya zaunar da shi a cikin littattafai.

"Wannan kake kira sanyi, ya Shaikh? A garinmu dusar ƙanƙara ke sauka a kan dutse."

"A Masar ɗin nan?" na ce. "Salim, ka ji tsoron Allah."

"Lokacin hutunku na tsakiyar shekara zan je gida. Yalla, mu tafi ka gani da idonka."

Da ma na yi shiru da bakina. Amma ina isa gida na shelanta wa kowa cewa zan je inda babu ɗan Gumel ɗin da ya taɓa zuwa. Malam Nura ya ce shi ba ya yarda da hoto, tunda yanzu ana haɗa hoton mutum da zaki ma. Washegari sai ga shi da wata jar kula ta zuba abinci, ya ce matarsa Maman Amira ta ce a ba ni aro, in ciko ta da ƙanƙarar, kuma kada in fasa mata murfi. Haka na ɗaure kaina da alƙawari a gaban shaidu shida.

Mun tashi da safe a babbar mota. Na sa wando uku, riguna biyu, da wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo, sannan na ɗora jallabiya a kai don kada malanta ta zube. Kafin mu fita daga Alƙahira gumi ya jiƙa ni sharkaf. Wata dattijuwa da ke kujerar gefe ta dube ni sama da ƙasa, ta yanke hukuncin cewa ni Basudane ne marar lafiya, ta shiga ɗura mini dafaffen ƙwai da burodi. Na ce mata daga Nijeriya nake, ta ce, "Ma'alish, ba komai, ɗana, Allah zai ba ka lafiya." Mutanen Masar in sun yi niyyar ciyar da kai, babu hujjar da za ta cece ka.

Lokacin shekara guda ke nan da zanga-zangar da ta sauya gwamnati, don haka hanyar Sina cike take da shingayen bincike. Kafin a shiga ramin da ya ratsa ta ƙarƙashin mashigin Suez, aka sauke mu duka, kowa ya tsaya a bayan kayansa. Ba iyakar ƙasa ba ce, amma har ta fi wata iyakar tsanani. Wani soja ya juya fasfona, ya duba takardar zama, sannan idonsa ya faɗa kan jar kula.

"Mene ne a ciki?"

"Babu komai."

Ya buɗe a hankali, yana ja da baya. Da ya ga wayam, sai ya ƙara tsuke fuska, domin a wurinsa kular da babu komai ta fi mai abinci abin tuhuma. Ya ce to me zan yi da ita? Na ce ƙanƙara zan ɗebo wa abokaina daga kan dutse. Ya kira na gaba da shi ya ce in maimaita. Na maimaita. Su biyun suka yi dariya har ɗaya ya dafa mota, suka miƙo mini fasfo suna cewa in na dawo in rage musu. A shinge uku na gaba duk haka aka yi, har na fara zargin waya suke yi wa juna.

Bayan mun bar gefen teku mun karkata cikin duwatsu, sai na lura Salim ya daina dariya. Na tambaye shi lafiya, sai ya faɗa mini abin da ya sa ya gayyace ni. Mahaifinsa, Baba Auda, yana da lambu a can saman dutse, tafiyar awa uku a ƙafa daga gari, gadon kakanni. Tsohon ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun gaji, rijiyar lambun kuma tana ƙafewa. Salim yana so ya sauko da shi gari gaba ɗaya, kusa da asibiti da famfo. Bara sun yi yarjejeniya a kan ruwan rijiyar, kuma gobe ne ranar awo. In ruwa bai kai inda suka ajiye ba, tsoho zai rufe lambu ya sauko.

"Na san ba zai kai ba," in ji Salim. "Kuma na san zai nemi hanyar zamewa. Amma yana girmama masu karatun addini. In kai ka ce masa barin wurin ba laifi ba ne, zai ji."

Ashe ba yawon buɗe ido aka kawo ni ba, fatawa aka ɗauko. Raina ya ɗan sosu, amma na ga damuwar da ke fuskarsa gaskiya ce, ta ɗan da ke tsoron a kira shi wata rana a ce uban ya faɗi a kan dutse babu kowa kusa. Na ce masa tamam, zan yi magana.

Mun isa ana kiran magariba. Ina sauka daga mota iska ta mare ni, nan take na gane cewa wandunan nan uku wasa ne. Gidansu na dutse ne, ɗaki biyu da tsakar gida, a nan aka sauke ni. Baba Auda ya sauko daga lambu musamman don tarbar mu. Siriri ne, gajere, da rawani ja da fari, hannunsa kamar icen da ya sha rana. Gaisuwarsu irin tamu ce, doguwa, a tambayi gida da iyaye da hanya, a koma a sake. Wannan ya sa na saki jiki, kuma sakin jikin ne ya kai ni ga kuskure biyu a cikin awa guda.

Na farko wajen alwala ne. Aka ba ni buta cike da ruwan ɗumi, na tsuguna a tsakar gida na yi irin tamu ta gida, na wanke ƙafa har ƙauri, na tuttular da sauran a ƙasa. Da na ɗago sai na ga tsohon yana tasa alwalar da ruwan da bai fi kofi ɗaya ba, a kan wata tasa. Da ya gama ya ɗauki tasar ya kai gindin wata 'yar bishiya ya zuba. Sannan ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar da na bari, ni ma na dube ta.

Na biyu ya fi muni. An kawo abinci, miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, mai zafi da wani burodi da ake binnewa cikin toka a gasa, a kakkaɓe, a karya da hannu. Ɗanɗanonsa ya tuna mini da gurasa. Aka bi da shayi mai wani ganye mai ƙamshi, a 'yan kofunan da a Gumel za a ce rowa ce. Da aka gama, Baba Auda ya ce baƙo mai ilimi ya yi musu addu'a. Na gyara zama, haƙorana na kaɗawa, na ɗaga hannu na zubo Larabci. Na roƙa musu lafiya da zuri'a mai albarka, ana ta amin. Sai na kawo abin da duk Bahaushe zai roƙa wa mutanen da ya tarar cikin wannan hali. Na ce Allah ya ɗauke musu wannan sanyi, ya sassauta musu shi, ya gaggauto musu da ɗumi.

Ban ji amin ba. Na buɗe ido na ga tsohon ya sauke hannuwansa a kan cinya. Daga bayan labule mahaifiyar Salim ta tuntsire da dariya, Salim kuwa ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa.

"Ya Shaikh," in ji Baba Auda, "a ƙasarku in manomi ya shuka gero, baƙo yakan zo ya roƙa masa Allah ya ɗauke ruwa?"

Na ce a'a, Baba, ai sai a kore shi daga gari.

"To mu ba ma korar baƙo. Amma gobe da safe za ka hau dutse."

Na hau kuwa. Tsohon da aka ce gwiwarsa ta gaji yana gaba da sandarsa, Salim a tsakiya, ni a baya rungume da kula ina haki. Duk inda na tsaya numfasawa sai in yi kamar ina kallon ikon Allah ne. A hanya muka riƙa wuce lambuna masu katangar dutse, ƙofofinsu a buɗe, bishiyoyin ciki sun bushe a tsaye. Baba Auda yana nuna kowanne da sanda yana faɗin sunan mai shi da inda ya koma. Wannan yana tuƙa motar 'yan yawon buɗe ido, wancan yana gadi a bakin teku, wancan ya rasu 'ya'yansa ba su dawo ba.

Ya ce yana yaro dusar ƙanƙara takan rufe hanyar nan har gwiwa, ta yi makonni a kwance, su kasa sauka gari. Yanzu takan zo sau ɗaya ko biyu, ta kwana biyu ta tafi, wata shekarar ma ko leƙowa ba ta yi. Na ce to ba ana ruwan sama ba? Sai ya tsaya ya juyo.

"Ruwan sama baƙo ne mai sauri. Ya sauko a kan dutse, ya zama ambaliya, ya rushe katanga, kafin la'asar ya wuce. Ita kuwa zama take yi, tana narkewa kaɗan-kaɗan, tana shiga tsagar dutse, sai ta fito mana a rijiya da bazara."

Nan na fahimta. Dusar ƙanƙara rumbunsu ce, ruwa suke ajiyewa a cikinta kamar yadda muke ajiye hatsi. Salim ya ƙara da nasa na 'yan boko. Ya ce duniya ce ke ɗumama saboda hayaƙin masana'antu da motoci, kuma ɗan ƙarin ɗumin da mu a Alƙahira ba za mu ji a jikinmu ba, a kan dutse shi ne bambancin abin da zai sauko a daskare da wanda zai sauko ruwa. Ya ce ba nan kaɗai ba ne, manyan duwatsun ƙasashe da yawa haka suke fama. Har itatuwan ma suna buƙatar sanyi mai tsanani kafin su yi fure sosai. Tsohon ya ce shi bai san hayaƙin kowa ba, abin da ya sani igiyarsa. Ni kuwa na tuna rijiyar gidanmu da aka yi wa ƙari sau biyu tun ina yaro, da yadda mahaifina ke cewa damina ta daina cika alƙawari.

Lambun Baba Auda na cikin wani kwari tsakanin duwatsu biyu. Rabinsa ya bushe, amma rabin da ke raye ya yi kyau, itatuwan lauz sun fara fitar da farin fure. Lauz ɗin nan 'ya'yansa kamar gyaɗa suke, a cikin ɓawo mai tauri. Kafin a yi maganar awo, tsohon ya nuna mini wata tsaga can sama inda rana ba ta kaiwa, ya ce in akwai sauran abin da na zo nema, to yana can.

Na rarrafa na hau. Kuma jama'a, na gan ta. Ba ta fi faɗin dadduma ba, ta yi ƙura-ƙura a gefe, amma ita ce. Na taɓa, na ɗanɗana, na dunƙula na jefi dutse, na yi ihu ni kaɗai kamar yaro. Na zaro waya in ɗauki hoto, sai na tarar sanyi ya kashe batir. Saboda haka duk duniya ba ni da wata shaida sai abin da zan zuba a kula. Na cika ta dam, na danna da tafin hannu, na rufe murfin Maman Amira a hankali, na sauko ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Na tarar da su a bakin rijiya. Baba Auda ya fito da igiyar, doguwa, baƙa don tsufa, da dutse ɗaure a ƙarshenta. Jikinta duk ƙulli ne. Duk shekara in lauz ya fara fure, sai a saka ta har dutsen ya taɓa ƙasan rijiya, a jawo, a ƙulla daidai inda jiƙa ta tsaya. Ƙulle-ƙullen sama na mahaifinsa ne, sun fi tsayin mutum biyu daga dutsen. Daga nan suke gangarowa, wani ya ɗan hau, wani ya sauka, amma duk wanda ya kalli igiyar ya san inda ta dosa. Ƙullin bara bai fi kamu ɗaya daga dutsen ba. Yarjejeniyarsu ita ce, in ruwan bana bai taɓa shi ba, shi ke nan.

Tsohon ya miƙa wa ɗansa igiyar ya ce ya auna da kansa. Salim ya saka, ya jira, ya jawo. Muka sunkuya mu uku. Jiƙar ta tsaya ƙasa da ƙullin da kamar faɗin yatsu huɗu.

Baba Auda bai yi gardama ba, bai nemi zamewa ba kamar yadda aka ce zai yi. Ya dai zauna a kan katangar rijiya yana kallon itatuwansa ɗaya bayan ɗaya. Salim ya taɓa ni da gwiwar hannu, wato lokacin fatawa ya yi. Na riga na shirya jawabina tun a mota, da ayoyinsa da misalansa. Na buɗe baki, sai na ga ba zan iya ba. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji kunyar in tsaya rungume da ruwan mutumin a ƙirjina ina yi masa wa'azin haƙuri. Abin da ke cikin kular nan ba nawa ba ne. Da na bar shi a tsagarsa, da nan zai gangaro.

Na buɗe murfin, na kife kular a bakin rijiya. Dunƙulen ya faɗa, muka ji ƙararsa a can ƙasa.

"Ya Shaikh, me ka yi?" in ji Salim. "Abokanka fa?"

Na ce su sha zoɓo. Sannan na ce a sake awo, tunda an samu ƙari.

Baba Auda ya fara dariya, irin wadda ke fitowa da hawaye. Ya ce wallahi a sake. Aka jira ta narke, aka saka igiya, aka jawo. Ko faɗin farce ba ta ƙaru ba, kuma duk mun san haka tun kafin a saka. Amma Salim bai saki igiyar ba. Ya daɗe yana murza ta a hannunsa, yana kallon ƙulle-ƙullen kakansa da na ubansa. Can sai ya durƙusa, ya kama daidai inda jiƙar bana ta tsaya, ya ƙulla sabon ƙulli da hannunsa, ya ja shi da ƙarfi.

"Shekara ɗaya, Baba," ya ce. "Khalas, ɗaya tak. Kuma da bazara zan bar kantin in zo in taya ka, ba za ka riƙa hawa kai kaɗai ba."

Tsohon ya juyo gare ni. "Ya Shaikh, addu'ar jiya tana buƙatar gyara."

Na ɗaga hannuwana da suka ƙage don sanyi. Ni, ɗan Gumel, mai kwana da safa a Alƙahira, na roƙi Allah ya ƙaro sanyi, ya tsananta shi, ya rufe hanyar nan da dusar ƙanƙara har gwiwa, ta yi makonni ba ta tafi ba. Amin ɗin da Baba Auda ya ce sai da duwatsu suka maimaita.

Da za mu taho, mahaifiyar Salim ta karɓi kular ta cika ta da lauz na bara. A shingen Suez na sake haɗuwa da sojan nan, ya buɗe yana neman rabonsa na ƙanƙara, ya ƙare da cika aljihu. Sauran kuwa, Malam Nura, kai ka fi kowa ci, kana fasawa da dutsen guga kana cewa an cuce ka. Murfi dai ya dawo lafiya, a shaida wa Maman Amira.

Masu cewa ban ga komai ba, na yafe muku. Abu ɗaya nake roƙo. In sanyi ya dawo kuka ji ni a sahu ina rawar ɗari ban yi mita ba, kada ku yi mamaki, kuma in kun ji abin da nake roƙo ku ce amin ko ba ku so. Na ga igiyar nan da idona. Tsakanin ƙullin Salim da dutsen da ke ƙarshenta, wurin da ya rage bai fi na ƙulli uku ba.